Jemage, Baƙon Rimi

"Rimi adon gari," in ji masu iya magana, kuma wanda ya taɓa ratsa birnin Zariya ta Rimin Doko ko Rimin Tsiwa ba sai an yi masa tafsiri ba. Sai dai kirarin ya bar jemage a baya, alhali da shi ake haɗa adon.

Da damina rimi lulluɓe yake da ganye, ba ruwansa da kowa. Hunturu na kankama sai ya karkaɗe, ya tsaya fayau, ka rantse ya bushe. To a lokacin ne yake fure, farare curi-curi, waɗanda ba sa buɗewa sai magariba. Warinsu ba na turare ba ne, tsami-tsami yake, don ba domin mu aka yi shi ba. Jemagu ne ke zuwa su lashe ruwan zaƙin, su tashi fuska buɗu-buɗu da garin fure, su kai wa wani rimin. Da bazara 'ya'yan su fashe, audugar da ake cusa wa matashi da katifa ta bi iska har cikin miya.

Rigimata da mutane a kan magana ɗaya ce: wai jemage ta baki yake kashi. Kakata ta riƙe wannan gam. Hujjarta kuwa, wanda ke kwana kai ƙasa ta ina zai yi bai ɓata kansa ba? Ruwa dai ba ya tsami banza. Jemage in ya sami mangwaro ko ɓaure, taunawa yake ya tsotse ruwan, ya tofar da tuƙar. Mai tsayuwa a gindin bishiya ya ga abu na faɗowa daga baki, sai ya yanke hukunci. Amma gani ya kori ji. Na taɓa ɓata yamma guda ina kallonsu, na ga ɗaya ya juyo, ya rataye da faratan fikafikansa, ƙafafu ƙasa, ya yi abin da zai yi ta inda kowa ke yi, ya koma kai ƙasa abinsa.

Na garzaya gida na ce, "Kaka, yau na gani da idona!" Ko ɗago kai ba ta yi daga kaɗinta ba. Ta ce, "Wannan ya san kana kallo ne."