Kamun Kifi Da Gashin Zakara

Kwanan baya muka fita rangadin makarantu a ƙasar Gwaram, muka sauka a Zandam. Da la'asar sakaliya, bayan an tashi yara, wani malami ya ja mu zuwa bakin ruwa mu sha iska. Muka tarad da yara uku sun jeru bisa gaɓa, kowa da sandarsa ta fatsa. Ba mu daɗe da zama ba sai sandar babbansu ta tanƙware, ya miƙe yana ja, kifi na ja. Har mun hangi bayan wata tarwaɗa, kaurinta ya kai damtsen mutum, sai zare ya tsinke. Kifi ya tafi da ƙugiya, yaro ya tsaya riƙe da sanda, ya rasa abin da zai ce.

Muka karɓi ragowar zaren muka duba. Na nailan ne, amma ya yi fari-fari, ya bushe, in ka ja shi da hannu biyu sai ya katse. Muka tambayi yaron inda ya ke ajiye shi, ya ce tun bara a kan danga ya ke rataye shi. Ashe ba ƙarfin tarwaɗa ya tsinke zaren nan ba, rana ce ta cinye shi tun kafin ya shiga ruwa. Miyar gidansu ta daren nan kuwa ta tafi tare da ƙugiyar.

Wannan ya tuna mana da wani irin kamun kifi na Turawa, wanda masu yinsa suka fi kowa tattalin igiya. Mun ga ya kamata mu ba malamai da ma'aikatan ofis labarinsa, don a cikinsa akwai abin da zai amfani yaranmu.

Kifin Ruwan Sanyi

Kifin da a ke wa wannan kamu sunansa tarawut. Jikinsa da ɗigo-ɗigo, namansa da daɗi, mazauninsa kuwa rafuka masu sanyi da gudu, waɗanda a kan ga tsakuwar ƙasansu don tsabta. Ya fi jin daɗi in sanyin ruwa yana tsakanin digiri 10 da 16 a ma'aunin Salsiyas. In ya haura 20 ya kan galabaita, in ya kai wajen 25 ya jima a haka sai mutuwa, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa kamar yadda ruwan sanyi ke riƙewa. Saboda haka kada wani ya sa ran ganinsa a Kogin Bunga, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Jos ya bi ta nahiyar nan, ya zama Kogin Jama'are a gaba. Da bazara guraben da suka rage a cikinsa sun fi ƙarfin tarawut nesa ba kusa ba. A Afirka sai a kan tuddai masu tsawo ya ke rayuwa, kamar na Kenya, inda Turawa suka kai shi a 1905, da na Lesoto da Afirka ta Kudu.

Yawancin abincin tarawut ƙwari ne, waɗansu a cikin ruwa su ke girma, waɗansu faɗowa su ke yi daga sama. Da mutane suka lura da haka sai suka ce, maimakon a yi ta farautar ƙwaro mai rai ana soka wa ƙugiya, me zai hana a ƙaga na ƙarya? Watau a ɗauki ƙugiya a naɗe ta da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Wani marubuci na Rum mai suna Iliyan, wajen shekara ta 200 ta Miladiyya, ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashi biyu na wuyan zakara, su kama kifi mai ɗigo-ɗigo da shi. A Ingila kuma an buga wani littafi a 1496 wanda ya lissafa irin waɗannan ƙwari har 12, kowane da watan da ya dace da shi.

Kayan Aiki

A fatsar da muka sani, nauyin tana ko ɗan ƙarfen da aka ɗaura shi ke jan zare zuwa tsakiyar ruwa. Ƙwaron gashi kuwa ba shi da nauyi ko kaɗan, in ka jefa shi a gabanka zai faɗi. Don haka aka juya al'amarin, aka sa nauyin a jikin igiya. Mai kamu ya kan kaɗa sanda baya, ya dakata igiya ta miƙe a iska, sa'an nan ya kaɗo gaba, kamar mai kaɗa bulala a hankali. Igiya ta tafi, ta ɗauki ƙwaro ta aje shi bisa ruwa ba tare da ƙara ba.

Kayan guda huɗu ne. Na farko sanda, mai tsawon wajen ƙafa 9, siririya mai lanƙwasa. Dā da katako a ke yinta, daga baya aka koma gorar ƙasar Sin wadda a kan tsaga a haɗa da gam. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sami ta zaren gilashi, a 1973 kuma ta zaren gawayi ta fito, wadda ta fi su duka rashin nauyi. Na biyu abin naɗi, mai kama da kwarkwaron masaƙa, yana gindin sanda. Na uku igiya mai kauri. Na huɗu ɗan siririn zaren nailan, shi ma wajen ƙafa 9, wanda ke tsakanin igiya da ƙwaro, yana ƙara sirancewa har bakin ƙugiya don kada kifi ya gan shi.

Tun 1961 masu ƙera kayan a Amurka suka shirya a riƙa ba igiya lamba bisa nauyin ƙafa 30 na farkonta. Mai lamba 5 ta kai kamar giram 9, ita ce aka fi yi wa tarawut amfani da ita. Mai lamba 8 ta kusa giram 14, ta manyan kifaye ce da ranar iska. Kowace sanda an rubuta lambar igiyarta a jikinta. In aka haɗa sanda mai tsada da igiyar da ba tata ba, jifa ba zai yi kyau ba. Masana abin sun fi son mai koyo ya sayi sanda matsakaiciya da igiya mai kyau, da ya zuba kuɗinsa duka a sanda.

Tattalin Igiya

Igiyar farko da gashin wutsiyar doki a ke tufka ta. Daga nan aka koma ta siliki, wadda ke da wuyar sha'ani. Kullum aka dawo daga rafi sai an warware ta duka an shanya a inuwa, in ba haka ba ta ruɓe, kuma sai an shafe ta da mai kafin ta yi iyo bisa ruwa. A 1953 wani kamfani na Amurka mai suna Cortland ya fito da igiya mai rufin roba, wahala ta ragu. Amma har yanzu mai hankali ba ya sakaci da ita. Ya kan wanke ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar kaifi, ya goge da tsumma mai taushi, domin datti ke sa ta nutse ta kuma ƙi zamewa cikin zobban sanda. Ba ya taka ta, ba ya barinta cikin mota a rana, ba ya bari fetur ko maganin sauro na shafawa ya taɓa ta, don suna sa robar ta tsattsage.

To, nan ne labarin ya zo gidanmu. Siririn zaren da Bature ke ɗaura wa ƙwaronsa, da zaren da yaron Zandam ya rataye a danga, duk abu ɗaya ne. An ƙago nailan a Amurka a 1935, aka fara sayar da zaren fatsa nasa a 1939, sannu a hankali ya kori zaren auduga da na rama daga hannun masunta. Zaren auduga ruwa ke ruɓar da shi, magani a shanya shi a rana. Nailan kuwa ruwa bai dame shi ba, rana ce abokiyar gabarsa. Mutanenmu sun sake zare amma da yawa ba su sake al'ada ba, suna yi wa nailan abin da kakanninsu ke yi wa auduga.

Ga abin da ya kamata kowane mai fatsa ya kiyaye. In an dawo a ɗauraye zare daga laka, a bar shi ya sha iska a inuwa, a naɗe shi sakwa-sakwa a kan kara ko ɗan katako mai santsi, a sa cikin gwangwani mai murfi, nesa da murhu da ɓera. Kafin a jefa, a bi zaren da yatsa biyu tun daga ƙugiya har kamu biyu ko uku. In aka ji kaushi, dutse ko icce ya goge shi, a yanke wurin a sake ɗauri. In za a ƙulla, a jiƙa ƙullin da miyau tukuna, sa'an nan a ja a hankali, don jan busasshen nailan na haifar da zafi wanda ke raunana shi. Ƙullin da ya shiga tsakiyar zare da kansa a kwance shi ko a yanke, nan ne ya kan tsinke. Ƙugiya a busar da ita, a ɗan shafa mata mai, a wasa bakinta. Guntun zaren da aka yanke kuwa kada a yar a gaɓa. Ba ya ruɓewa da wuri, ya kan shaƙe tsuntsaye, ya yanke ƙafar akuya.

Ko Dabarar Za Ta Ci A Nan?

Wani zai ce, tun da ba mu da tarawut, ina amfanin ƙwaron gashi? Amsa ita ce a dubi abin da kifi ke ci da yadda ya ke samunsa. Tarwaɗa da ƙurungu da sansana da gashin baki su ke neman abinci a ƙasan ruwa, su sai tana ko hanjin kaza. Amma ƙawara da ido ta ke farauta, kowa ya zauna bakin ruwa ranar da shinge ya tashi ya ga yadda ta ke tsalle tana cafke shi. Karfasa ma ta kan ɗauki ɗan ƙaramin ƙwaro. Tsage kuwa ƙananan kifaye ya ke bi, a kan yaudare shi da dogon gashi mai walƙiya, sai dai a sa 'yar waya kusa da ƙugiya don haƙoransa na yanke nailan. Da damina ruwa ya yi ja, kifi ba ya gani, dabarar ba ta ci. Lokacinta daga kaka ne zuwa hunturu, sa'ad da ruwa ya kwanta.

Ba sai an aika Ingila ba. Gashin zabo, wanda masu ɗaura ƙwari a Turai ke saye da kuɗi, ga shi nan zube a kowane gida. Ƙaramar ƙugiya, da zaren ɗinki, da doguwar gora siririya mai zare daidai tsawonta, sun isa a gwada. A Kenya ɗaura ƙwarin nan ya zama sana'a, mutane da yawa na ci da ita, ana fitar da su zuwa Turai da Amurka.

A Bar Na Baɗi

Akwai tattalin da ya fi na igiya, shi ne na ruwan kansa. A ƙasashen tarawut a kan rufe kamu lokacin da kifi ke ƙwai, wanda bai kai awo ba a mai da shi ruwa. Masu kamu da yawa su kan danne ƙayar ƙugiya, su jiƙa hannu kafin su taɓa kifi, don ya koma da lafiya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A Argungu, inda bikin su ya kafu tun 1934, hana kamu a Matan Fada sauran shekara shi ya sa a ke fid da giwan ruwa ranar biki. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 kuma ta hana zuba guba da jefa nakiya a ruwa. Duk da haka a kan sami mai zuba magimfa ko maganin ƙwarin gona a gurbi da rani, da mai jan gidan sauro ya kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Tarwaɗa da ruwan farko ta ke hawa cikin ciyawa ta yi ƙwai, uwar karfasa kuwa a baki ta ke goyon nata. Wanda ya kashe su a lokacin nan ya ci na bana ya haɗa da na baɗi.

Saboda haka muna roƙon malamai su sa wannan cikin darasin sanin halitta. A kai yara bakin ruwa su ga ƙwarin da ke tashi, su rubuta watan da kowane ke fitowa, su buɗe cikin kifi su ga abin da ya ci. A rataye zare ɗaya a rana, a ɓoye ɗaya a gwangwani, bayan wata uku a ɗaura wa kowane bokiti a yi ta zuba yashi a ga wanda zai fara tsinkewa. Gani ya kori ji. Ma'aikatan ofis kuma, masu zama kusa da hakimai da dagatai, su taimaka a ƙarfafa wa sarakunan ruwa gwiwa wajen tsare gurabe.

Kafin mu bar Zandam mun ba yaron nan sabon zare da wani tsohon gwangwanin madara mai murfi. Ya fi murna da zaren, amma mun gaya masa gwangwanin ne zai kamo masa tarwaɗarsa. Allah ya sa ya ji, ya kuma albarkaci ruwayenmu, amin.