Ƙullutun Da Ba Ya Ciwo: Abin Da Ya Kamata Ikilisiya Ta Sani Game Da Sankarar Nono

Na taɓa jagorantar jana'izar wata uwa mai 'ya'ya huɗu. Sai a gidan makoki muka ji cewa ta fi shekara tana jin ƙullutu a nononta, ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta. Dalilinta shi ne abin ba ya yi mata ciwo. Wannan ne ya sa na ga wajibi mu yi magana a fili a kan ciwon nan da mutanenmu suke kira daji, likitoci kuma suke kira sankara ko kansa.

Sankarar nono tana farawa ne sa'ad da waɗansu ƙwayoyin naman nono suka soma yaɗuwa babu tsari, har su tara ƙullutu. In an bar su, sukan bi hanyoyin jini da na kaluluwa su kai hammata, ƙashi, huhu ko hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano ciwon a jikin mata kimanin miliyan 2.3, ya kuma kashe kimanin 670,000. A Nijeriya shi ne kan gaba cikin ire-iren sankarar da ke kama mata. Maza ma yakan kama su, ko da yake kaɗan ne. Ba a ɗaukarsa wurin wani, ba sammu ba ne, ba kuwa hukuncin zunubi ba ne.

A ƙasashe masu arziki, fiye da mata 90 cikin 100 suna raye shekara biyar bayan an gano ciwon. A wurinmu abin ba haka yake ba, babban dalili kuwa shi ne jinkiri. Binciken da aka yi a asibitocin koyarwa na ƙasar nan ya nuna yawancin mata suna zuwa ne bayan ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu. Shi ya sa a shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shiri mai buri uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun suna mataki na ɗaya ko na biyu, a gama gwaji cikin kwana 60, kuma aƙalla kashi 80 cikin 100 su kammala magani.

Mu ɗauki misalin mace a Kamarawa, cikin ƙaramar hukumar Isa a gabashin Jihar Sakkwato. In ta ji ƙullutu, asibitin da za ta fara zuwa shi ne na Isa, 'yar'uwarta ta ƙasar Gobir kuma na Sabon Birni. Amma cikakken gwaji da magani sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya. Hanyoyin yankin sun daɗe cikin barazanar 'yan bindiga, gonaki da yawa ba a noma su, kuɗin mota ma aiki ne. Ga kunya, ga tsoron a cire nono miji ya juya baya. Ga kuma maganar nan da ta yaɗu a ƙasar Hausa, wai daji ba ya son allura ko wuƙa. Wannan ba gaskiya ba ne. Ana ganin haka ne domin mata da yawa suna isa asibiti a makare, in suka rasu sai a ɗora laifin a kan allura.

Ga alamun da za a kula da su: ƙullutu mai tauri a nono ko a hammata, ko da ba ya ciwo, fatar nono ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemu, kan nono ya shige ciki, jini ko wani ruwa yana fita ba tare da shayarwa ba, gyambon da ya ƙi warkewa. Kowace mace ta duba kanta sau ɗaya a wata, kwanaki kaɗan bayan ta gama al'ada. Ta tsaya gaban madubi ta ɗaga hannuwa, sa'an nan ta kwanta ta shafa ko'ina da cikin yatsunta har hammata. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana ɗaya a wata. Yawancin ƙullutai ba sankara ba ne, amma likita ne kaɗai zai tantance, ta wurin hoto da ɗiban ɗan nama a gwada. Magani kuwa ya haɗa da tiyata, allurai, ƙwayoyi da gashi da na'ura.

Wani zai ce, ashe addu'a ba ta isa ba? Ku duba labarin sarki Hezekiya a 2 Sarakuna sura 20. Ya yi kuka ga Allah, Allah ya ji shi, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Manzo Bulus ma ya yi tafiya tare da Luka, wanda likita ne. Mu yi addu'a ranar Lahadi, Litinin mu kama hanyar asibiti. Fasto ko mai addu'ar da ya hana mace ganin likita yana wasa da rai.

To, me ikilisiya za ta yi? Zumuntar Mata ta gayyato ma'aikaciyar jinya ta koyar da duba kai, musamman a watan Oktoba da duniya ta keɓe domin wannan ciwo, a kuma gayyaci maƙwabtanmu Musulmi, gama ciwon bai san addini ba. Dattawa su ware wani abu daga baiko domin kuɗin mota da gwaji. Ikilisiyoyin Sakkwato da Zariya su ba marasa lafiya masauki. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su Gidauniyar Medicaid, wadda Dakta Zainab Shinkafi Bagudu ta kafa, masu wayar da kai da shirya gwaji.

Ku maza, alkawarin da kuka yi a gaban Allah ya haɗa da kwanakin ciwo. Ka tambayi matarka, ka raka ta, kada ka bar ta ta ɗauki wannan kaya ita kaɗai. Ke kuma 'yar'uwa, in kin ji wani abu yau, ki faɗa yau.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya warkar da marasa lafiyarmu, ya kawo salama a ƙasar Isa da Sabon Birni. Amin.