Motar Da Ake Haɗawa A Gida: Abin Da Ke Raunana Birkin Hannunta

A ƙasar Ingila akwai wasu mutane da ba su sayen mota haɗaɗɗiya. Sai su sayi ƙarafan jikinta da bodi a cikin akwatuna, su nemo inji da giya da birki daga wata tsohuwar mota, sa'an nan su duƙufa a garejin gidansu shekara ɗaya ko biyu suna ɗaure noti. Wannan al'ada ta yi ƙarfi ne tun 1957, lokacin da Colin Chapman ya fito da motar Lotus Seven. A zamanin nan gwamnatinsu tana ɗora harajin saye a kan sabuwar mota, amma ba ta ɗora shi a kan kayan da mutum zai haɗa da kansa. Da aka sauya tsarin haraji a 1973 wannan rangwame ya ƙare, kuma a shekarar ce kamfanin Caterham ya karɓi ikon ƙera motar. Rangwame ya tafi, amma sha'awa ba ta tafi ba.

Kada mai karatu ya haɗa wannan da aikin da kamfanin Peugeot ya fara a Kaduna a 1975. Su ma a akwatuna kayan suka riƙa zuwa daga Faransa, to amma kowane ƙarfe an ƙera shi ne domin ɗan'uwansa. Mai haɗa mota a gida kuwa aure yake ɗaurawa tsakanin kayan da ba su taɓa sanin juna ba, kuma ba inda rashin jituwar yake saurin bayyana kamar birkin hannu.

Abin ba na wasa ba ne. A Ingila tun 2009 irin wannan mota sai ta ci jarrabawar da ake kira IVA kafin a ba ta lamba, sa'an nan akwai gwajin shekara-shekara na MOT. A wannan gwaji ana son birkin hannu ya ba da ƙarfin da ya kai kashi 16 cikin 100 na nauyin motar, watau kusan ya riƙe ta a gangaren da ke sauka taku ɗaya cikin kowane taku shida. Wadda ta kasa ba ta da izinin hawa titi, kome ƙyallin fentinta.

Da yawa daga cikin motocin nan da birkin Ford Sierra aka haɗa su, motar da aka ƙera daga 1982 zuwa 1993. Manyan samfurinta suna da birkin faifai a baya, kuma abin da ke matse faifan shi ne makanikai ke kira kalifa. Kalifar gaba ba ta da wani sirri: mai ya turo fistin, fistin ya matse takalman birki a jikin faifai. Ta baya kuwa aiki biyu take yi. A cikin fistin nata akwai wani ƙarfe mai zare kamar na noti, wanda ɗan hannun da ke bayan kalifar yake turawa idan an ja waya. Wannan zare ne yake matso da fistin da kansa gwargwadon yadda takalman suke cinyewa.

To, a nan ne mafi yawan mutane suke yin kuskure. Da zarar sun ga birkin hannu ya yi sanyi, sai su nufi waya su ƙara ɗaure ta. Waya in ta yi tsauri fiye da kima, sai ta ɗage ɗan hannun nan daga mazauninsa, shi kuwa zaren ciki ba ya yin aikinsa sai hannun ya koma ya zauna daram. Saboda haka ɗaurin da aka yi don gyara shi ne yake ƙara ɓata al'amarin. Yadda ya kamata shi ne a fara sassauta wayar gaba ɗaya, a tabbata hannayen biyu sun koma mazauninsu, a taka birkin ƙafa da ƙarfi sau da yawa har fistin ya matso, daga nan ne za a ɗaure waya kaɗan-kaɗan har sakin ya ƙare. Idan aka ɗaga motar aka juya tayoyin baya da hannu, ya kamata su juya ba tare da riƙewa ba.

Ita ma wayar tana da nata laifin. An yanka ta ne domin doguwar mota, sai ga shi an cusa ta cikin gajeruwa, an lanƙwasa ta nan da can. Kowace lanƙwasa tana cin ƙarfi. Haka kuma idan inda aka kafa bakin rigar wayar ƙarfe ne marar kauri, sai ya riƙa lanƙwashewa in an ja, ƙarfin direba ya ƙare a nan bai isa taya ba.

Wani abin mamaki shi ne rashin nauyi ma yana jawo matsala. Sierra ta haura kilo 1,000, alhali irin waɗannan motoci ba su cika wuce kilo 500 zuwa 600 ba. Birkin baya ba ya samun aikin da zai ɗumama shi, sai fuskar takalman ta yi santsi kamar gilashi. Bugu da ƙari, galibinsu ba su da rufi, sai a ajiye su a gareji duk tsawon hunturu. Kafin rana ta dawo, tsatsa ta kama faifai, sandunan da kalifa ke zamewa a kansu sun ƙafe, takalmi ɗaya ne kawai yake matsewa.

Wajen wanke kalifa akwai ƙa'idodin da ba a tsallakewa. Fistin na baya ba a tura shi da ƙarfi kamar na gaba. Murɗa shi ake yi ana dannawa, in ba haka ba zaren ciki ya lalace. Bayan an murɗa, sai a daidaita tsagar da ke fuskarsa da ɗan ƙullun da ke bayan takalmi. Fistin da tsatsa ta rarake sai dai a sake shi, domin zai yaga sabuwar roba. Ba a kusantar da baƙin mai ko fetur ko giris na yau da kullum ga robobin, don kumbura su suke yi. Akwai jan giris da aka yi musamman domin roba. Kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Saura fitar da iska. Iska sama take hawa, shi ya sa ɗan notin da ake kwancewa don ta fita yake a saman kalifa. Amma a wasu motocin gida, saboda ƙarancin wuri, akan ɗaura kalifar a karkace ko a kife, notin ya koma ƙasa. Mutum zai ƙarar da gwangwanin mai yana takawa, birki na nan laushi. Dole a kwance kalifar, a sa katako tsakanin takalman, a riƙe ta yadda notin zai dubi sama, sa'an nan a fitar da iskar a mayar da ita.

Shi kansa man birki yana shan danshin iska. Irin wanda ake kira DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 in yana sabo, amma in ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko wajen 155, kuma ruwan nan shi ne ke cin fistin daga ciki. Don haka ake sake shi duk bayan shekara biyu, ko da motar ta yi yawancin lokacin a lulluɓe cikin gareji.