FASHIN BAƘI: Yadda binciken katsalandan ɗin Rasha a zaɓen Amurka ya koma tuhumar FBI kanta

A watan Janairun 2021 wata kotun tarayya da ke Washington ta yanke wa wani lauya mai suna Kevin Clinesmith hukuncin ɗaurin talala na shekara ɗaya, tare da aikin yi wa al'umma hidima na awa 400. Clinesmith tsohon lauyan hukumar binciken tarayya ta Amurka ne, wato FBI, kuma laifin da ya amsa shi ne sauya wani saƙon imel da aka dogara da shi wajen neman izinin ci gaba da sa ido a asirce kan wani tsohon mashawarcin kamfen ɗin Donald Trump. Duk da shekarun da aka shafe ana bincike, da dubban shafukan rahotanni, da ihun "cin amanar ƙasa" daga kowane ɓangare, shi kaɗai ne jami'in gwamnati da kotu ta samu da laifi kan yadda aka gudanar da wancan bincike.

Abubuwa biyu ne suka faru a wannan lamari, kuma duka biyun an tabbatar da su da hujja. Rasha ta tsoma baki a zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2016. FBI kuma ta yaudari kotu a yayin da take binciken wannan tsoma baki. Wahalar ita ce 'yan siyasar Amurka sun raba gaskiyar gida biyu, kowace jam'iyya ta rungumi rabin da ya yi mata daɗi, ta rufe ido ga ɗaya rabin.

Mafarin binciken

A watan Mayun 2016 wani matashin mashawarcin kamfen ɗin Trump, George Papadopoulos, ya zauna da jakadan Ostireliya a Landan, Alexander Downer, inda ya nuna masa cewa Rasha na iya taimaka wa kamfen ɗin ta hanyar sakin bayanan da za su ɓata sunan Hillary Clinton. Maganar ba ta ɗauki hankali ba sai ranar 22 ga Yuli, lokacin da shafin WikiLeaks ya fara wallafa saƙonnin da aka sace daga kwamfutocin jam'iyyar Dimokurat. Nan ne Ostireliya ta miƙa wa Amurka labarin, FBI kuma ta buɗe bincike a ranar 31 ga Yuli, ta laƙaba masa suna Crossfire Hurricane.

Game da abin da Rasha ta yi, babu sauran kokwanto mai nauyi. Mai bincike na musamman Robert Mueller, wanda aka naɗa a Mayun 2017 bayan Trump ya kori shugaban FBI James Comey, ya tuhumi Rashawa 13 da kamfanoni 3 da yaɗa farfaganda ta shafukan bogi a kafofin sada zumunta, sannan ya tuhumi jami'an leƙen asirin sojan Rasha 12 da kutsen kwamfutocin Dimokurat. Kamfanin Facebook da kansa ya ce mutum miliyan 126 a Amurka na iya cin karo da saƙonnin waɗannan shafuka. Kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawa, wanda 'yan Rifablikan ke jagoranta, ya fitar da rahoto mai juzu'i biyar da ya kai ga matsaya iri ɗaya, har ya bayyana cewa shugaban kamfen ɗin Trump na wani lokaci, Paul Manafort, ya riƙa miƙa bayanan cikin gida na kamfen ga Konstantin Kilimnik, mutumin da kwamitin ya kira jami'in leƙen asirin Rasha.

Sai dai Mueller ya ce hujjojinsa ba su tabbatar da cewa kamfen ɗin Trump ya ƙulla baki da gwamnatin Rasha ba. Wannan ya zama kunya ga kafofin yaɗa labarai da 'yan Dimokurat da suka yi shekara biyu suna nuna wa jama'a cewa tonon silili na nan tafe.

Kotun da ke sauraron ɓangare ɗaya

Domin gane inda FBI ta tafka ɓarna, sai an san wata kotu da ba ta da kamar sauran. A tsakiyar shekarun 1970 wani kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Frank Church ya bankaɗo yadda hukumomin asiri suka daɗe suna bin diddigin 'yan ƙasa ba bisa doka ba, ciki har da jagoran fafutukar baƙar fata Martin Luther King. Sakamakon haka aka kafa dokar FISA a 1978, wadda ta ce kafin a saurari wayar ɗan Amurka ko a karanta saƙonninsa bisa zargin yana yi wa wata ƙasa aiki, sai an sami izinin wata kotu ta musamman. Kotun a ɓoye take zama. Wanda ake zargi bai san ana maganarsa ba, balle lauyansa ya zo ya ƙaryata. Alƙali ba ya jin kowa sai gwamnati, saboda haka dukkan tsarin ya rataya ne a kan amana ɗaya: jami'in da ya zo neman izini zai faɗi abin da ke ƙarfafa zarginsa, ya kuma faɗi abin da ke raunana shi.

Wannan amana ce aka ci a kan Carter Page. Page ya taɓa zama mashawarcin kamfen ɗin Trump kan harkokin waje, kuma yana da hulɗar kasuwanci a Rasha. A Oktoban 2016, bayan ya bar kamfen ɗin, FBI ta sami izinin sa masa ido, aka kuma sabunta izinin sau uku har cikin 2017. Babban abin da aka dogara da shi shi ne kundin bayanan da Christopher Steele, tsohon ɗan leƙen asirin Birtaniya, ya tattara. Kuɗin aikin Steele ya fito ne daga kamfen ɗin Clinton da jam'iyyar Dimokurat, ta hannun wani kamfanin lauyoyi da wani kamfanin bincike mai suna Fusion GPS. A taƙaice, takardar da abokan hamayya suka biya a rubuta ce ta zama hujjar gwamnati a gaban alƙali.

A Disamban 2019 Sufeto-Janar na Ma'aikatar Shari'a, Michael Horowitz, ya lissafa manyan kurakurai da ɓoye-ɓoye guda 17 a cikin takardun neman izinin. Biyu daga ciki sun isa misali. Tun a Janairun 2017 jami'an FBI suka yi hira da Igor Danchenko, wanda shi ne babban mai kawo wa Steele labari, ya kuma gaya musu cewa da yawa daga abin da ya faɗa ji-ta-ji-ta ce da hirar mashaya, wadda Steele ya rubuta kamar tabbataccen zance. Da aka koma kotu sabunta izini, sai aka shaida wa alƙali cewa mutumin mai gaskiya ne kuma ya ba da haɗin kai, aka yi shiru kan cewa gaskiyar da ya faɗa ta rushe kundin.

Na biyun ya fi muni. Tun a Agustan 2016 hukumar leƙen asiri ta CIA ta sanar da FBI cewa Page ya taɓa zama wanda take tuntuɓa domin samun bayanai, daga 2008 zuwa 2013. Ma'ana, wasu daga cikin hulɗoɗinsa da Rashawa da aka gabatar wa kotu a matsayin abin zargi, shi da kansa ya riƙa kai rahotonsu ga hukumar ƙasarsa. Ba a gaya wa alƙali wannan ba. A Yunin 2017 kuma, da wani jami'i ya nemi a tabbatar masa kafin ya rattaba hannu, Clinesmith ya ƙara kalmomi a cikin saƙon CIA, ya zama yana cewa Page ba majiyarta ba ne. Daga baya Ma'aikatar Shari'a ta amince cewa biyu daga cikin izini huɗun ba su inganta ba. Ba a taɓa tuhumar Page da wani laifi ba.

Gangan ko sakaci?

A nan ne gardamar ta yi zafi. Magoya bayan Trump sun ce makirci ne aka shirya tun daga sama, kuma suna da abin nunawa: saƙonnin waya tsakanin Peter Strzok, jami'in da ya jagoranci binciken, da lauyar FBI Lisa Page, waɗanda ke cike da ƙin jinin Trump. Horowitz ya ce an buɗe binciken bisa dalili da ya cika ƙa'ida, tun kafin kundin Steele ya isa hannun masu binciken a watan Satumba, kuma bai sami takarda ko shaidar da ta nuna son rai na siyasa ne ya jawo shi ba. Amma ya ƙara da cewa bayanan da jami'ai suka ba shi kan kurakuran 17 ba su gamsar da shi ba. 'Yan Dimokurat suka yi ta maimaita jimlar farko, 'yan Rifablikan suka yi ta maimaita ta biyu.

Akwai kuma abin da zancen makirci ya kasa bayyanawa. In da burin FBI shi ne kayar da Trump, hanya mafi sauƙi ita ce ta bari jama'a su san ana bincikensa kafin ranar zaɓe. Hukumar ba ta tabbatar da hakan a fili ba sai a Maris ɗin 2017. Binciken da Comey ya yi magana a kansa, kwana 11 kafin kaɗa ƙuri'a, na saƙonnin imel ɗin Clinton ne.

A ganina, bayanin da ya fi tayar da hankali shi ne wanda bai sami amo ba. Horowitz ya ɗauko wasu takardun neman izini guda 29 da ba su da alaƙa da Trump, domin ya ga ko matsalar ta Page ce kaɗai. A Maris ɗin 2020 ya bayyana cewa a huɗu daga ciki ba a ma iya gano fayil ɗin hujjojin da ƙa'ida ta wajabta a ajiye ba, sauran 25 kuwa kowacce na da kuskure ko iƙirarin da babu abin da ya goya masa baya. Ma'aikatar Shari'a ta amsa cewa yawancinsu ƙanana ne da ba za su sauya hukuncin alƙali ba. Ko da haka ne, abin da ya bayyana shi ne al'adar sakaci a gaban kotun da ba ta da hanyar gane an yi mata sakaci. Page ya sami masu tsaya masa saboda sunan Trump na tare da nasa. Mutanen da ke cikin waɗancan takardu 29 babu ɗan majalisar da ya san sunansu.

Wa aka hukunta?

Babban Lauyan Gwamnati William Barr ya ɗora wa John Durham aikin binciken masu binciken a 2019. Bayan shekara huɗu, mutum uku ya kai kotu: Clinesmith ya amsa laifi, lauya Michael Sussmann da Danchenko kuma aka wanke su a 2022. Rahotonsa na Mayun 2023 ya caccaki FBI da gaggawar buɗe cikakken bincike kan ɗanyen bayani da kuma ganin abin da take son gani kawai, amma bai kawo hujjar babban makircin da aka yi wa magoya bayan Trump alƙawari ba. An kori Strzok a 2018, a 2024 kuma gwamnati ta biya shi diyyar dala miliyan 1.2 saboda sakin saƙonninsa ga 'yan jarida. A ɗaya ɓangaren, Trump ya yi wa Manafort da Papadopoulos da Michael Flynn da Roger Stone afuwa kafin ya sauka daga mulki.

Gyaran tsarin kuwa ya tsaya a rabin hanya. A 2023 aka saki wani hukuncin kotun asirin da ya nuna jami'an FBI sun leƙa rumbun bayanan da aka tara ƙarƙashin sashe na 702 na dokar FISA ba bisa ƙa'ida ba fiye da sau 278,000, kuma cikin waɗanda aka bincika akwai masu zanga-zangar kashe George Floyd da waɗanda suka afka wa ginin majalisa ranar 6 ga Janairun 2021. Wannan sashe daban yake da wanda aka yi amfani da shi kan Page, amma ya nuna hagu da dama duk suna cikin komar. Da aka zo sabunta shi a Afrilun 2024, an ƙara wasu ƙa'idoji da hukunci, sai dai ƙudurin da zai tilasta samun izinin alƙali kafin a binciki bayanan ɗan Amurka ya faɗi a Majalisar Wakilai da ƙuri'a 212 da 212.

Da Trump ya dawo mulki, maganar ta sake tashi da sabon salo. A Yulin 2025 shugabar hukumomin leƙen asiri Tulsi Gabbard ta saki wasu takardu, ta zargi gwamnatin Barack Obama da ƙirƙirar labarin. Ta dogara sosai kan bayanan da suka ce Rasha ba ta sauya alƙaluman ƙuri'u ba, alhali rahoton hukumomin asiri na Janairun 2017 bai taɓa cewa an sauya su ba. Kutse da farfaganda ya yi magana a kai. A Satumba aka gurfanar da Comey bisa zargin yi wa Majalisar Dattawa ƙarya a 2020, 'yan kwanaki bayan Trump ya fito fili ya nemi a tuhume shi, kuma wadda ta shigar da ƙarar, Lindsey Halligan, tsohuwar lauyar Trump ce da ba ta taɓa aikin gabatar da ƙara ba. A Nuwamba alƙaliya ta kori shari'ar saboda naɗin Halligan ya saɓa wa doka, ba tare da an kai ga duba ko Comey ya yi ƙaryar ba.