Digirin MBA: Doguwar Hanya Ko Gajeriya?

Gabatarwa

Ɗalibai da dama na sashen harsuna kan yi tunanin shiga harkar kasuwanci ko aikin banki bayan kammala karatu, kuma a nan ne ake yawan jin maganar MBA, wato digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci. Wannan maƙala za ta yi bayanin hanyoyi biyu da ake bi a same shi.

Doguwar Hanya

Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta fara wannan digiri a 1908, kuma shekara biyu ake yin sa. A shekarar farko ɗalibi yana koyon tubalan fannin, kamar lissafin kuɗi da tallata haja da tattalin arziki da kula da ma'aikata. A ta biyu sai ya zaɓi ɓangaren da zai ƙware a kai. Hutun da ke tsakani kuwa, a wani kamfani ake yin sa don sanin makamar aiki.

Gajeriyar Hanya

Makarantar INSEAD ta Faransa, wadda aka kafa a 1957, ta yi suna wajen kammala karatun cikin wata 10. Darussan ba su ragu sosai ba, matse su aka yi, aka kuma rage hutu. Ribar a fili take: mutum ba zai daɗe da barin aikinsa da albashinsa ba. Sai dai tsarin ya fi dacewa da wanda ya riga ya goge a ofis ko kasuwa.

A Nan Gida

Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero duk suna bayar da MBA. Akwai kuma karatu daga gida ta intanet, kamar na Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Matashin Moduganari mai shago a kasuwar Monday Market ba zai iya rufe shagonsa shekara biyu ba, don haka irin wannan tsari ko na ƙarshen mako ya fi masa sauƙi, ko da zai ɗauki lokaci.

Abu biyu ya kamata ɗalibin Hausa ya lura da su. Na farko, wasu jami'o'in kan buƙaci wanda bai karanci kasuwanci ba ya fara yin difloma ta gaba da digiri, baya ga takardar hidimar ƙasa. Na biyu, MBA digirin sana'a ne. Jami'o'i da yawa a Nijeriya ba sa karɓarsa shi kaɗai ga mai neman digirin digirgir.

Kammalawa

Wanda ya fito daga nazarin nahawu da adabi bai saba da lissafin kuɗi ba, saboda haka doguwar hanya ta fi yi masa amfani. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Kafin ka biya kuɗin fom, ka tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da kwas ɗin.