Garar da ke Cin Asusun Ƙungiya

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙungiyar ƙwadago ba ta iya kare 'ya'yanta sai da abin da suka tara mata. Wannan ya fi shafar ƙananan rassa, irin na malaman firamare da direbobin tasha a garuruwa kamar Aujara, cikin ƙaramar hukumar Jahun, inda masu zubin ba su da yawa.

Dokar 1978 ce ta haɗe ɗaruruwan ƙungiyoyin ƙwadago na Nijeriya suka koma 42, ta kuma wajabta cire kuɗin ƙungiya daga albashi. A 2005 aka yi gyara, shiga ƙungiya ya zama ganin dama. Sai dai akwai abin da ya fi sauyin doka illa ga asusu, watau hauhawar farashi.

A 1995 farashin kaya ya tashi da kusan kashi 73 cikin ɗari. Ke nan naira 100 da ta shekara a ajiye ba ta sayen abin da ya wuce na naira 58 a da. Littafin ma'aji zai nuna kuɗi cif, alhali gara ta cinye fiye da kashi biyu cikin biyar.

A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, mafi ƙarancin albashi naira 250 ne. A 2024 ya zama 70,000, ninki 280 ke nan. Reshen da ke karɓar wani kaso na albashi yana tashi tare da albashin, ko da a makare. Wanda ya yanke tsayayyen kuɗi kuwa, kamar na tikitin tasha, yana nan inda yake har sai taro ya amince da ƙari.

To yaya ake auna lafiyar asusu? A raba ajiya da abin da ake kashewa a wata. Alal misali, ajiyar naira 60,000 da kashin 20,000 za ta riƙe reshe wata uku. Idan baɗi ajiyar ta kai 72,000 amma kashin ya koma 36,000, wata biyu kaɗai za ta yi. Kuɗi sun ƙaru, ƙarfi ya ragu.

Ranar da direba ya yi haɗari, ko aka riƙe albashi saboda yajin aiki, waɗannan watanni ne za su ciyar da iyali. Saboda haka su ya kamata 'yan ƙungiya su tambayi ma'aji a taron shekara.