Yis Na Tona Asirin Gubar Hatsi

Yis ɗin nan da kike zubawa a ƙullun waina ko fanke, kin san abu ne mai rai? Yana ci yana hayayyafa, shi ya sa ƙullu ke tashi. To, wannan halin nasa ne masana suka mayar ma'aunin gano guba a cikin hatsi.

Ga yadda suke yi. Sai su niƙa hatsin da ake zargi, su jiƙa shi da wani ruwan magani, su tace. Daga nan su ɗiga tataccen a kan 'yar takarda, su ɗora ta bisa faranti da aka shuka yis. Kashegari in yis ya rufe farantin amma ya bar fili kewaye da takardar, to akwai guba, domin ita ce ta hana shi girma. Sai dai ya fi kama gubar wasu irin fumfuna. Afalatoksin, wadda ta fi damun gyaɗa da masararmu, da wasu hanyoyi ake auna ta. Kada ki ce tunda wainarki ta tashi hatsinki lafiya lau, wannan aikin ɗakin bincike ne.

Ba a ɗauki fumfuna a bakin komai ba sai 1960, da talo-talo wajen dubu 100 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa. A 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya saboda masara mai fumfuna. Gubar na lalata hanta, tana tsumburar da yara, tana kuma bin nonon uwa. Dahuwa ba ta kashe ta.

A Shanono, inda gona ke jikin gona, maigida ne ke kawo damin gero da dawa, amma daga bakin rumbu zuwa tukunya aikinki ne. In ruwan ƙarshen damina ya taɓa amfani, ko rumbu na yoyo, a fitar a shanya bisa tabarma, ba a ƙasa ba. Ki zauna ki tsince ƙwayar da ta canja launi, ko ta motse, ko ƙwari suka huda. Wajen wanki, abin da ya taso saman ruwa ki zubar. Surfe ma na rage gubar ƙwarai, don ta fi zama a dusa.

Na san zubar da hatsi da ciwo, balle a watan da rumbu ya yi ƙasa. Amma gyaɗar da aka tsince a matsayin rubabbiya, kada a tara ta a yi ƙuli-ƙuli ko kunun yara don tana da araha. Akuyar da ake tatsa ma kada a ba ta.